Lambar Kirimiya ko ta Afirka ta Kudu? Ɗauki mai suna a gefe

Ɗan'uwa, tsakanin lambobin yabon hafsan sojan dokin Ingila biyun da dillalin ya nuna maka, ɗauki ta yaƙin Afirka ta Kudu, ka bar masa ta Kirimiya.

Ina da irinta guda a gida. A wata kasuwar tsofaffin kaya na tsince ta lokacin da nake zaune a Ingila, cikin wani faranti tare da tsofaffin kwabbai da maɓallai, duk ta yi baƙi. Azurfa ce, kan Sarauniya Biktoriya a gaba, ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo a tsakiya, ya koɗe saura kaɗan ya rabu. Abin da ya tsayar da ni gefenta ne. Da na karkata ta wajen haske sai ga muƙami da suna da runduna a sassaƙe: laftanan ne a ɗaya daga rundunonin masu mashi. A samanta akwai 'yan sandunan azurfa uku, kowace da sunan fagen da ya halarta: ceton Kimberley, Paardeberg da Driefontein.

Wannan ɗan rubutun shi ya cinye mini hutun wata guda, har uwargida ta ce na yi sabuwar amarya. Sunayen duk waɗanda aka bai wa lambar na nan cikin kundin sojoji a gidan adana takardu na Kew a Landan, tare da sandunan da kowa ya cancanta. Na samu mutumina, sanduna uku cif. Daga nan na koma jaridar gwamnati, London Gazette, wadda ke buga duk naɗi da ƙarin girman hafsoshi, na bi shi tun ranar da ya shiga aiki har ya zama kyaftin, har ya ajiye kaki. Sandar Kimberley kuwa ta gaya mini inda yake ranar 15 ga Fabrairu 1900: cikin rundunar dokin Janar French da ta kutsa ta buɗe garin bayan ƙawanyar kwana 124 da mayaƙan Boer, abokan gāban Ingila a yaƙin, suka yi masa, dawakai na faɗuwa a hanya saboda ƙishi da gajiya. Kwana 12 bayan haka Cronje, janar ɗin Boer, ya miƙa wuya a Paardeberg da mutum kusan 4,000. Ka ga da ƙarfen da bai cika tafin hannu ba ka san inda mutum ya kwana, inda ya tashi.

Ta Kirimiya kuwa, to, kyakkyawa ce, sandunanta kamar ganye, kuma ta girmi waccan da shekara sama da 40. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Na taɓa sayen ɗaya, har yau in na tuna kuɗin sai raina ya ɓaci. Yawancinsu ba suna aka raba su, daga baya wasu suka kai wa maƙera aka rubuta musu, don haka duk mai hannu na iya rubuta abin da ya ga dama yau ma.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka. Da zarar dillali ya ga sandar Balaklava, wani fagen daga a Kirimiya, sai ya fara labarin sukuwar 25 ga Oktoba 1854, wadda Lord Cardigan ya jagoranci mahaya kusan 670 zuwa bakin igwogin Rasha, ya ninka farashi. Sandar ba ta tabbatar da haka. An ba da ita ga sauran waɗanda suka yi yaƙin wannan rana, har da sojan ƙasa na Sikotland da ko doki ba su hau ba. Da wannan tatsuniyar aka ci ni.

Ita ma ta Afirka ta Kudun ba ta tsira ba. Akwai masu kankare sunan kurtu su rubuta na hafsa, don na hafsan doki ya fi tsada. Faɗin lambar milimita 36 ne. In an goge gefe za ka ga ta rage ta wani ɓangare, ko bakin ya sirance. Wasu kuma ƙara sanduna suke yi. In ka ga ta Cape Colony tare da ta ceton Kimberley a lamba ɗaya, tsaya tukuna, don a ƙa'ida wanda ya samu ta biyun ba a ba shi ta farkon. Duba kuma 'yan ƙusoshin da suka haɗa sandunan, ko akwai sababbi masu ƙyalli a cikin tsofaffi.

Kafin ka tura ko kwabo, ce ya ɗauko maka hoton gefen zagaye gaba ɗaya, ka turo mini sunan da rundunar in duba maka a kundin. In ya fara hanya-hanya, rabu da shi. In ta iso kuma kada ka goge ta da man ƙarfe, ka bar mata baƙinta.