Inshorar ido: ta ci kuɗinta kuwa?

Ni tela ne a Sakkwato, ido shi ne jarina. Shi ya sa da wani kamfanin inshorar lafiya ya kawo tsarin da ya haɗa da kula da ido, na shiga.

Gwajin da aka yi mani ban biya ko sisi ba, kuma an yi shi a natse. Bayan karanta haruffan bango, likita ya auna matsin cikin ido, awon da ke taimakawa wajen gano glakoma. Wannan cuta a hankali take cin gani, galibi ba zafi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ita ta makantar da mahaifina, don haka awon nan kaɗai ya kwantar mani da hankali.

Wajen tabarau ne raina ya ɓaci. Kuɗin da suke biya yana da iyaka, firam mafi arha kawai ya ɗauka. Gilashi mai duhu da kansa idan an shiga rana, wanda duk mai hawa babur a garin nan ke so, daga aljihuna na cika. Ga zaman jiran lambar izini kafin asibiti ya duba mutum.

Ma'aikacin tarayya da ke kan NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa wadda ta gaji NHIS a 2022, ya fara tambaya kafin ya shiga wata inshorar, domin akwai gwajin ido a tsarinsa. Wanda ƙananan rubutu kawai ke ba shi wuya bayan shekara 40, biyan likita kai tsaye zai fi masa sauƙi. Mai ciwon suga ko mai glakoma a dangi kuwa, gara ya biya kuɗin inshorar. Ni zan sabunta, amma tabarau na gaba a waje zan yi.