Waken SAMPEA 20-T: tsutsa ta bar shi, amma kada a jingine famfon feshi

Duk manomin wake ya san ɓarnar tsutsar nan da malaman gona ke kira Maruka. Uwarta tana zuwa da dare ta yi ƙwai a kan fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin furen, daga nan ta huda kwanso ta zauna tana cin ƙwaya. Kana fesa magani a waje, ita tana ciki abinta. A shekarar da ta yi ƙarfi tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Saboda ita na sayi SAMPEA 20-T na shuka a gonata da ke wajen Bichi, gefe guda kuma na bar kananadon da muka saba.

Irin ya fito ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masana na hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO. Tun da farko an tantance dubban nau'o'in wake ana neman wanda ke jure wa wannan tsutsa da kansa, ba a samu mai ƙarfin da za a dogara da shi ba. Shi ya sa aka ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, aka sa wa waken. Shukar tana yin wani sinadari da ke lalata cikin tsutsar idan ta ci. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar gado a Najeriya, ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista a watan Disamba na shekarar, sannan aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021.

A kan tsutsa, gaskiya ya cika alkawari. Lokacin fure nakan bi kunya-kunya da sassafe ina buɗe furanni da farce. A ɓangaren kananado, da nasa lokacin ya zo, ga zaren nan da take saƙawa, ga baƙin kashinta a bakin kwanso. A ɓangaren sabon irin da ƙyar na ga kwanso mai huda. Fure ya zauna, bai zube ba. Ni da na saba feshi shida ko fiye a damina ɗaya, biyu na yi, kamar yadda aka ce: ɗaya da ya fara fitar da fure, ɗaya da kwanso ya kama. Wanda ya taɓa goya famfo da tsakar rana, magani na tsiyaya a bayansa, ya san wannan ba ragin kuɗi kaɗai ba ne.

To amma feshi biyun nan dole ne. Sinadarin da ke cikinsa bai san darɓa ba, bai san ƙananan ƙwarin da ke shan fure ba, bai san masu tsotse kwanso su bar shi a motse ba. Wani maƙwabcina ya ji an ce "wake ne da ba ya son magani", ya shuka ya naɗe hannu, ƙarshe ya ɗebi kwanso rabi fanko yana zagin irin. Laifin na masu tallar baki ne da ke ƙara gishiri. Haka a rumbu: ƙwaro zai ci shi kamar kowane wake, sai an busar da shi sosai an ɗaure a buhun PICS, mai ruɓi uku da ke hana iska shiga.

Yana nuna da wuri, kwana 70 zuwa 75. Don haka kada a yi gaggawar shuka shi da ruwan farko, in ba haka ba zai bushe ana tsaka da ruwan Agusta, kwanso ya yi baƙi. Ƙuduji ma bai dame shi ba, domin daga SAMPEA 10 aka samo shi, wanda da ma yana da wannan juriyar.

Inda ya gaza a wurina shi ne harawa. Tsaye yake, ba ya yaɗo kamar kananado, kuma ni ina da tumaki da ke jiran rani. Duk mai kiwo ya lissafa wannan kafin ya ba shi gona gaba ɗaya. Ƙwayarsa fara ce, maiɗakina ta yi ƙosai da alala da shi ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce bai kai kananado girma ba, kuma a Dawanau manyan ƙwaya ake fara tayawa.

Jita-jitar cewa ba ya tsira idan ka ajiye iri ba gaskiya ba ce. Na ware kwano guda na sake shukawa, ya fito lafiya. Abin da ya fi damuna shi ne jabu: farin wake duk kamarsa ɗaya, kowa na iya zuba shi a leda ya rubuta suna. A saya a wurin dillalin da ke da rajista, a duba tambarin hukumar iri ta ƙasa a jikin fakitin.

Bana zan ƙara masa fili zuwa kashi biyu cikin uku na gonar, sauran kuma kananado saboda tumaki.