Ajin koyon fiyano a Barnawa: sai mai haƙuri da do-re-mi

Masu tambayata ko ajin fiyanon da nake zuwa a Barnawa, cikin Kaduna, ya ci kuɗinsa, amsata ita ce e, amma da sharaɗi. Wanda ya zo da niyyar ya fara buga kiɗan biki cikin sati guda, gara ya riƙe kuɗinsa.

Malamin ya taso ne cikin mawaƙan coci a Sabon Tasha, kuma ba ya barin ɗalibi ya wuce gaba sai mejo sikel, wato jerin sautukan do-re-mi, ya zauna masa a yatsu da kunne. Sautuka bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti, a koma do na sama. Wannan salon rera sunayen ya samo asali daga Guido na Arezzo a Italiya a ƙarni na 11, John Curwen ya yaɗa shi a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo shi nan. Shi ya sa mawaƙan coci a Kaduna suka fi mu 'yan situdiyo saurin kamawa.

Maɓallan fiyano da haruffan A zuwa G ake kiransu. A kan C ake farawa, don sikel ɗinsa fararen maɓallai ne zalla. Amma abin da Malam ke nanatawa har ka gaji shi ne tazarar da ke tsakanin sautukan: taku, taku, rabi, taku, taku, taku, rabi. Rabi shi ne matsawa zuwa maɓallin da ke maƙwabtaka, fari ko baƙi, taku kuma rabi biyu ne. Rabin nan biyu suna tsakanin mi da fa, da kuma ti da do. Wata rana ya ce in fara daga G in bi farare kaɗai. Ina taɓa F sai na ji abin ya karkace, kamar miyar da gishiri bai ji ba. Ya ce, "To ƙanena, nemo shi." Na matsa yatsa kan baƙin da ke gaba, F shaf, sautin ya daidaita. In daga F ka fara, B fulat za ka nema, wato baƙin da ke bayan B. Da wannan ƙidayar kaɗai za ka gina sikel a kan kowanne daga cikin maɓallai 12 da ke maimaituwa a fiyano, farare da baƙaƙe, ba sai ka haddace ba.

A situdiyo na ga amfaninsa. Mawaƙiya ta ce kiɗan ya yi mata sama, da can sai a yi ta lalube. Yanzu na san do kawai zan saukar, sauran su biyo shi. Haɗa sauti uku ma daga nan yake fitowa: do, mi, so. Ka yi haka a kan na ɗaya, na huɗu da na biyar, wato C, F da G in daga C ka fara, ka riƙe waƙoƙi da yawa. Ka fara jerin daga la, sai ga maina sikel, mai amon nan da ke sosa zuciya a waƙoƙin soyayya.

Inda nake da ƙorafi shi ne kiɗanmu na gida. Malam ya nuna mana cewa in ka cire fa da ti, sautuka biyar za su rage, kuma da yawa daga karin waƙoƙin gargajiya a kansu suke tafiya. Nan ya tsaya. Mai goge ko kukuma yana jan sauti ya faɗa tsakanin maɓalli da maɓalli, fiyano ba ta da shi, kuma ajin bai taɓa zancen ba. Ni kuwa don shi na zo.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Fiyano biyu ne kacal, ranar Asabar sai an bi layi. In an ɗauke wuta sai batir, shi ma ba kullum ake da shi ba. Takardun darasi da Turanci suke, ko da yake bayani da Hausa yake yi. Mai son shiga ya zaɓi ajin safe a tsakiyar mako, ya kuma nemi ko da ƙaramar fiyano ce a gida, don Malam ba ya ɗaga ƙafa ga wanda ya dawo yatsunsa a sandare.