Kafin ka sayi rigar sanyi bana, suwaita ko jaket?

Abu na farko dai, ba kowa ke jin sanyi iri ɗaya ba. Gida ɗaya za ka ga saurayi da singileti yana alwala da ruwan randa, kakarsa kuwa ta ƙudundune da mayafi da safa tana rawar ɗari, kuma ba raki ba ne, jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na matashi, jarirai ma haka, masu sikila su kam sanyi na iya tayar musu da ciwo. To ka fara duba wa za ka saya wa.

Matsalar hunturun namu a Kano ko Katsina ko Damagaram, da asuba a Disamba da Janairu sanyi na sauka kusan digiri 12, amma kafin azahar ya haura 25 kana neman inuwa. Shi ya sa ni ban ga amfanin jibgegiyar jaket ɗin nan mai kumbura ba, ƙarfe goma ta zame maka kaya kana yawo da ita a hannu. Sai dai in Jos za ka ko Gembu, nan kam tudu ne, ta yi rana.

Suwaita ta ulu tana da ɗumi sosai kuma tana shiga ƙarƙashin kaftani ba wanda ya sani, illarta iska na ratsa ta, wasu kuma tana sa su ƙaiƙayi sai da riga a ciki. Mai laushin nan ta roba mai zif da hula ta fi araha, ga saurin bushewa, ita zan zaɓa wa yaran makaranta, amma fa a kula wajen jin ɗumi, tartsatsi ɗaya ya huda ta, kuma narkewa take a jiki.

Mai acaba ko ɗan adaidaita da ke fita da sassafe shi iska ce ke damunsa, suwaita kaɗai ba za ta yi ba wallahi, ya ɗora jaket mai tare iska a sama, da safar hannu da hular da ke rufe kunne. Wannan baƙa mai ƙyalli da ake cewa ta fata, yawanci leda ce, shekara ɗaya ta fara ɓarewa a wuya da gwiwar hannu.

Sabuwa ko gwanjo? Gwanjo mai kyau ta fi sabuwa mai arahar nan nesa. Ka shiga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ranar da ake buɗe dila, ka ja zif sama da ƙasa, ka duba hammata da bakin hannu ko robar ta saki, ka ɗaga ta a rana ko akwai huji, in ka kai gida a wanke a shanya kafin a saka. Kuma ka je tun Oktoba ko farkon Nuwamba, da hazo ya sauko 'yan kasuwa sun ƙara kuɗi, masu kyan kuma an tsince.