T9 na tsofaffin wayoyi da hasashen kalmomi na yau: wanne ya fi?

Ɗan uwa, ka tambaya a zauren nan me ya bambanta T9 na wayoyi masu madannai da hasashen kalmomin da manhajojin allon rubutu irin su Gboard ko SwiftKey suke yi yanzu. Ka kuma ce a ganinka na da ya fi, tunda bai taɓa sauya maka abin da ka rubuta ba. Ƙorafinka yana da tushe, sai dai su biyun ba aiki ɗaya aka ƙirƙire su su yi ba.

T9 ya zo ne don magance ƙuncin wuri. Haruffa 26 aka cusa a madannai takwas, daga 2 zuwa 9, har sai mutum ya danna 7 sau huɗu kafin ya samu "s". Martin King da Cliff Kushler na kamfanin Tegic a Amurka, waɗanda tun farko neman hanyar sauƙaƙa wa naƙasassu rubutu suke yi, su suka fito da dabarar a shekarun 1990: danna kowane madanni sau ɗaya, manhaja ta duba ƙamus ɗin da ke cikin wayar ta ga wace kalma ce ta dace da wannan jerin lambobi. Nokia 3210 ta 1999 tana cikin wayoyin da suka yaɗa shi. Matsalarsa ita ce kalmomi da yawa suna da lambobi iri ɗaya. Da a ce da ƙamus na Hausa kake aiki, 7262 zai iya zama "rana", ko "sama", ko "rama". T9 zai fara miƙo maka wadda aka fi amfani da ita, kai kuma ka yi ta dannawa har ka iso wadda kake nufi. Bai san abin da ka rubuta kafin nan ba, bai kuma damu ba.

Allon rubutun yau baya yake waiwaya. Idan ka rubuta "ina", yana da lissafin cewa "kwana", "wuni" ko "son" ne suka fi biyowa, sai ya jera maka uku a sama tun ba ka taɓa harafi ko ɗaya ba. Ilimin ba sabo ba ne: tun 1951 Claude Shannon ya auna yadda mutum ke iya hasashen harafi na gaba a rubutun Turanci. Abin da ya yi jinkiri shi ne wayar da za ta iya ɗaukar wannan lissafi. SwiftKey, wanda Jon Reynolds da Ben Medlock suka kafa a Landan a 2008, ya fito a Android a 2010 yana ƙirga kalmomin da suka saba zuwa a jere, biyu ko uku. Apple ya kawo QuickType, hasashen kalmomi na iPhone, a 2014, Google ya fitar da Gboard a 2016, shekarar da Microsoft ya sayi SwiftKey. Daga baya duk suka koma ga tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ke iya riƙe jimla mai tsawo, ya kuma gane cewa kalmomi biyu suna da kusancin ma'ana ko da bai taɓa ganinsu a wuri ɗaya ba.

Kada a raina amfanin wannan. Na'urar da marigayi masanin kimiyya Stephen Hawking ya riƙa magana da ita an saka mata fasahar SwiftKey a 2014, an horar da ita da rubuce-rubucensa, don ya rage yawan haruffan da sai ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya da motsin kumatu. Ga wanda kowane harafi wahala ne a gare shi, hasashen kalma ta gaba shi ne bambanci tsakanin shiga hira da zama ɗan kallo.

To, mu dawo kan abin da ya dame ka. Wanda ke sauya maka kalma ba hasashe ba ne, gyara mai aiki da kansa ne, kuma a saitin allon rubutu kowanne da makunninsa. Hasashe tayi yake yi, in ka so ka karɓa. Gyara kuwa yanke hukunci yake, da zarar ka danna tazara. Ya zama dole ne saboda allon taɓawa ba shi da madannin da yatsa zai ji, kuskure ya yi yawa, sai manhaja ta riƙa ƙiyasta harafin da ka nufa daga inda yatsanka ya sauka. Idan harshen da kake rubutu da shi ba ya cikin saitin, duk kalmarka kuskure ce a idonta, sai ta mayar da ita kalmar Turanci mafi kama da ita. A nan T9 ya fi ladabi, na yarda, domin a gaban idonka yake zaɓe, kalma ɗaya a lokaci guda. Amma maganin ba komawa baya ba ne. Ka ƙara Hausa a jerin harsunan allonka, ka kashe gyara, ka bar hasashe. Mai haɗa harsuna biyu a saƙo ɗaya, wanda a T9 sai ya shiga saiti ya sauya ƙamus, yanzu yana iya kunna su tare. SwiftKey a Android yana ɗaukar har biyar.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne abin da kowanne ya sani game da kai. T9 ɗan ƙaramin jerin kalmomin da ka koya masa kawai yake ajiyewa, a cikin wayar, ba ya zuwa ko'ina. Na yau kuwa ƙwarewarsa daga karanta rubutunka take: sunayen mutanenka, adireshinka, yadda kake gaisuwa. A 2016 wasu masu amfani da SwiftKey suka fara ganin adireshin imel na mutanen da ba su sani ba a cikin hasashensu, har kamfanin ya dakatar da daidaita bayanai ta intanet na wani lokaci. A 2017 Google ya bayyana wata hanya a Gboard inda wayar ke koyo a cikinta, lokacin da take caji kuma ba a amfani da ita, sannan ta aika da gyaran lissafi kawai maimakon saƙonnin kansu. Hanya ce mai kyau, amma ba kowane allon rubutu da ke rumbun manhajoji ne ke bin ta ba, kuma duk wanda ka sauke yana ganin abin da ka danna. Saboda haka ka guji na kamfanin da ba ka sani ba komai kyawun launinsa. A wanda kake da shi kuma, ka shiga saiti ka duba ko yana tura ƙamus ɗinka zuwa asusunka na intanet, in ba ka buƙata ka kashe. Kalmar da ba ka so ya riƙe, danna ta ka riƙe a layin hasashe, zai ba ka damar cire ta.