Garin kiriyatin: yana ƙara ƙarfi, amma ba ya hana gajiya

Garin kiriyatin, wani ƙarin abinci na masu motsa jiki, da ake sayarwa a shagunan kayan motsa jiki na Ikeja da Surulere yana aiki, sai dai aikinsa yana da iyaka, kuma masu tallarsa ba sa faɗin iyakar. Ina ɗaga ƙarfe a Agege, da yamma kuma ina horar da wasu samari 'yan dambe, shi ya sa na sayi roba guda, wadda aka rubuta creatine monohydrate a jikinta, ba haɗin komai.

Farin gari ne, ba ɗanɗano ba wari. A ruwan sanyi ba ya narkewa duka, sai ya kwanta a gindin kofi ka ji shi ɓaras-ɓaras a haƙori, don haka a koko mai ɗumi nake damawa. Ga danshin Legas: ka bar murfin a sake da damina, gobe ka tarar ya dunƙule. Giram 3 zuwa 5 a rana ya isa. Da tafiya ta yi tafiya, ƙarfen da nake ajiyewa a ɗagawa ta takwas sai ga ni ina kai shi goma. Sikeli ma ya nuna ƙarin kilo ɗaya da 'yan kai, mafi yawansa ruwa ne da tsoka ta riƙe.

Inda na saɓa da mai shagon shi ne da ya ce mini, “Alhaji, in kana shan wannan ka yi ban kwana da gajiya.” Wannan ba gaskiya ba ne, kuma dalilin yana cikin zaren tsoka. A can, kawunan wani furotin mai suna mayosin ne ke cafkar wani furotin mai suna aktin su ja shi don tsoka ta motsa, kowane ja kuma yana cin ƙwayar ATP ɗaya, wato makamashin tsoka, a fasa ta, wani ɓangarenta mai suna fosfet ya ɓalle. ATP ɗin da ke ajiye 'yan daƙiƙu kaɗan yake kaiwa. Daga nan fosfokiriyatin, wato kiriyatin ɗin da tsoka ta ajiye haɗe da fosfet, ke miƙa nasa fosfet ɗin a sake gina ATP nan take, shi ma wajen daƙiƙa 10 ya kusa ƙarewa in ana aiki da iyakar ƙarfi. Wannan rumbun ne garin ke ƙara wa kaya, da kamar kashi 20 cikin 100, abin da masanin kimiyya Roger Harris da abokan aikinsa suka nuna a Suwidin a 1992.

To, fosfet ɗin da ke ɓallewa ba ɓacewa yake yi ba. Taruwa yake a cikin zaren, har ya ninka na lokacin hutu wajen sau biyar ko shida. Mayosin kuwa sai ya saki fosfet sannan jansa ke yin ƙarfi, in wurin ya cika da shi sai sakin ya yi wuya, kamu ya yi sako-sako. Yana kuma haɗuwa da kalsiyam a ma'ajiyarsa ya rage wanda ke fitowa ya ba tsoka umarni. Shekara da shekaru ana ɗora laifin kan laktik asid, wani sinadari da ke taruwa a tsoka in ana aiki da ƙarfi, yanzu masana da dama fosfet suka fi zargi. Ina ganinsa da idona: yaro ya saki naushi a jere a kan buhun yashi, can sai ka ga hannun yana isa amma buhun ya daina motsi. Gari ba ya gyara wannan. Hutun minti 3 zuwa 5 ne ke mayar da fosfet mazauninsa.

Saboda haka ɗan dambe, mai ɗaga ƙarfe da mai gudun mita 100 za su ci moriyarsa. Amma ɗan'uwana mai dako a kasuwar Mile 12, da ke wuni yana sauke kwandunan tumatir, kada a yaudare shi. Garin ba arha gare shi ba, kuɗin ya fi amfani a tuwo da kifi, don nama da kifi ma suna ɗauke da kiriyatin.

Wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya guji wanda aka ƙulla a leda ba suna. Mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita. In kuma za a yi maka gwajin jini, ka faɗa musu kana sha, domin yana iya ɗaga kiriyatinin, wato sinadarin da ake aunawa don duba lafiyar ƙoda, a sakamakon.