Kafin ka sayi detandar na nutso a Damagaram

Damagaram ba ta da teku, amma idan damina ta zauna tabkuna suka cika, ana samun masu shiga ƙarƙashin ruwa neman wanda ya nutse ko ciro famfon da ya faɗa. Abin da ke tsakanin bakin mai nutso da tukunyar iska shi ake kira detandar, takwaran na butalin gas ɗin girki, sai dai wannan rai yake ɗauke da shi. Kashi biyu ne. Na farko yana ɗaure a kan tukunya, yana sauke matsin iska daga bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) zuwa wajen bar 9 ko 10. Na biyu shi ne na baki, yana sakin iska idan ka ja numfashi.

Kashin farko iri biyu ake ƙerawa: mai fistan da mai tantanin roba. Mai fistan ya fi sauƙin gyara, sau da yawa ya fi araha, amma yawancinsa ruwa na shiga ɗakin sifirin ɗinsa. A ruwan teku mai haske ba damuwa. Ruwan tabkinmu kuwa laka ne da yashi, yashin nan zai karce fistan ya cinye zoben roba. Ɗauki mai tantani wanda aka rufe ɗakinsa ruf, ko da kuɗinsa ya ɗara. Wajen ɗauri kuma akwai mai maƙala, wanda bai wuce bar 232, da DIN mai juyi wanda ke kaiwa 300 kuma zobensa a ɓoye yake ciki. Duba bakin tukunyarka tukuna. A jikin na'urar nemi tambarin EN 250, ma'aunin ingancin kayan numfashin nutso na Turai.

Inda aka fi yin asara shi ne kayan hannu da ke shigowa ta Kwatano ko Kano. Kamfani kan gano aibi bayan kaya sun watsu, sai ya yi shela a mayar a gyara kyauta, shelar kuwa ba ta isowa Kasuwar Dole. A 2006 kamfanin Scubapro ya kira samfurin MK20, saboda idan mai gyara ya matse maɗaurinsa fiye da ƙima jikin ƙarfen na iya tsagewa, iska ta yanke wa mutum a ƙasan ruwa. A 2012 an kira wasu tiyo masu saƙa na Miflex na ɓangaren babban matsi don suna fashewa. Irin waɗannan na iya zama shekaru cikin jaka, fes da su, ba a taɓa kai su gyaran ba.

Saboda haka kafin ka miƙa ko dala, karanta sunan samfurin da lambar da aka buga a jikin kashin farko da na baki. Bincika su a shafin kamfanin, da shafin CPSC, hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, da Safety Gate, shafin shelar kaya masu haɗari na Tarayyar Turai. Idan samfurin yana ciki, mai sayarwa ya nuna takardar gyara. Wanda aka goge lambarsa, bar masa abinsa.

Sannan ka gwada da hannunka. Cire murfin mashigar iska ka leƙa ƙaramin matacin ƙarfe da ke ciki: kore alamar ruwan gishiri ne, ja tsatsar tukunya ce, baƙi kuwa dattin kwamfiresa ne. Ɗaura shi a cikakkiyar tukunya, jona agogon matsi a tiyon da ke hura rigar iska ta mai nutso, buɗe a hankali. Allura ta tsaya cak tsakanin 9 da 10. Idan tana rarrafawa sama, mazaunin bawul ya ci, nan gaba iska za ta riƙa kwarara ta baki babu tsayawa. Tsoma shi duka a bokiti ka duba kumfa. Rufe tukunya, zuƙe sauran iskar, sake ja: idan iska ta shigo, wataƙila tantanin baki ya yage, a ruwa kuwa ruwa ne zai shigo.

Tiyo mai saƙa ya cancanci kulawa ta musamman a ƙasarmu. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta nuna cewa robar cikin wasunsu tana ruɓewa da zafi da laima ta zama ƙwayoyi kamar gishiri, su toshe kashin baki, alhali wajen tiyon lafiya lau. Lanƙwasa shi taƙi bayan taƙi, ka ji ko akwai tauri ko kumburi. Wanda ya kai shekara 5 canza shi, kuma kada ka bar shi cikin mota ko ɗakin kwano a zafin Afrilu.

Sabo daga dillalin da kamfani ya amince da shi ya fi tsada, amma kana iya rajistar lambarsa, shela ta same ka a waya. Na hannu sai ka ƙara masa kuɗin gyara da aikawa, domin ana buɗe shi a sauya zobba duk shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon umarnin kamfani. Tambayi dillali inda za a kai shi da ko kayan gyaran samfurin suna nan har yanzu. Tukunya kuma kada a cika ta da iskar mai faci, akwai mai da hayaƙi mai kisa a ciki.